Kayan horar da bugun golf

Kayan horar da bugun golf kayayyaki ne da na'urori da ɗan wasan golf ke amfani da su lokacin atisaye domin su nuna masa yadda ya kaɗa sanda da yadda sandar ta sami ƙwallo. Wasunsu ba su wuce madubi ko siririyar sanda da aka shimfiɗa a ƙasa ba. Wasu kuma na'urori ne masu rada ko kyamara da ke auna gudun kan sanda, da inda fuskarta ta kalla a lokacin bugu, da yadda ƙwallo ke juyawa a iska. Aikinsu duka ɗaya ne: ba ɗan wasa shaida game da motsin da ba ya iya gani da idonsa, wanda kuma sau da yawa ba ya jin sa daidai a jikinsa. Masu koyo da masu horarwa da ƙwararrun 'yan wasa da kamfanonin ƙera sanduna duk suna amfani da su. Dokokin golf sun yarda da su a wurin atisaye, amma sun hana amfani da su a tsakiyar wasa.

Dalilin buƙatarsu

Golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wasa ne da ake bugun ƙaramar ƙwallo da sanda har a jefa ta rami, kuma wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne da nasara. Kaɗa sanda na nufin dukkan motsin da ɗan wasa ke yi, tun daga ɗaga sandar baya, zuwa saukowa da ita kan ƙwallo, har zuwa ƙarasawa. Sandar tana da mariƙi da ƙota da kai, kuma gefen kan da ke dukan ƙwallo shi ake kira fuska.

A hannun ƙwararre, saukowar sanda daga sama zuwa kan ƙwallo tana ɗaukar kusan rubu'in sakan ne kawai. Haɗuwar fuskar sanda da ƙwallo kuwa kimanin kashi ɗaya cikin 2,000 na sakan take ɗauka. Kafin jijiyoyi su kai wa ƙwaƙwalwa labarin bugun, ƙwallon ta riga ta tashi, don haka babu gyaran da za a iya yi a wannan lokaci. Ga shi kuma ɗan kuskure kaɗan yana jawo babbar asara. Faɗin ramin golf milimita 108 ne. Idan aka gangaro da ƙwallo daga nisan mita 3 ta kauce da digiri ɗaya tak, za ta isa wurin ramin ta gusa da sama da santimita 5, wato daidai bakinsa. A dogon bugu na mita 250, digiri ɗaya yana kai ƙwallo fiye da mita 4 gefe, tun kafin a yi maganar lanƙwasar da za ta yi a iska.

Masu horarwa sun daɗe da lura cewa abin da ɗan wasa ke ji yana yi ya kan bambanta da abin da yake yi a zahiri. Mai koyo zai rantse cewa ya miƙe hannunsa na hagu ko ya juya kafaɗunsa sosai, amma hoton bidiyo ya nuna akasin haka. Idan babu abin da zai nuna masa gaskiya, yawan atisaye sai ya ƙara dasa masa kuskuren a jiki.

Tarihi

Kafin zuwan na'urori, idon mai horarwa da tafiyar ƙwallo a iska su ne kawai madogara. Hoto ne ya fara kawo sauyi. A 1904 George Beldam, ɗan Ingila, ya fitar da littafi mai ɗauke da hotunan manyan 'yan wasan zamanin, irin su Harry Vardon, a tsakiyar bugu. A 1931 kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fitar da gajerun finafinan koyarwa na Bobby Jones. A 1938 Harold Edgerton na jami'ar MIT ya ɗauki Jones hoto da fitila mai walƙiya sau da yawa a jere, ta yadda hoto ɗaya ya nuna matsayin sanda a kowane mataki na kaɗawa.

A 1968 Alastair Cochran da John Stobbs suka wallafa littafin The Search for the Perfect Swing, sakamakon binciken da wani ayarin masana ya yi a Birtaniya. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajensu an riƙa kashe wa 'yan wasa fitila a tsakiyar bugu, aka ga cewa da zarar sanda ta fara saukowa ɗan wasa ba ya iya dakatar da ita. A cikin shekarun 1960 ɗin ne kuma aka ƙera injin bugun ƙwallo da aka yi wa laƙabi da Iron Byron, don tunawa da ɗan wasan Amurka Byron Nelson. Hukumar golf ta Amurka, USGA, ta shekara da shekaru tana gwada ƙwallaye da shi.

Da kyamarar bidiyo ta yi araha a shekarun 1980, masu horarwa suka fara nuna wa ɗalibai bugunsu a talabijin, suna tsayar da hoto a inda suke so. Dave Pelz, wanda ya yi aikin kimiyya a hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, kafin ya koma golf, ya ƙirƙiro kayan atisaye da dama na gajeren bugu.

Babban sauyi ya zo ne da rada. A 2003 aka kafa kamfanin TrackMan a ƙasar Danmak. 'Yan'uwa biyu, Klaus da Morten Eldrup-Jørgensen, ne suka kafa shi tare da injiniya Fredrik Tuxen, wanda a da yake aiki da rada mai bin sawun harsasai da makamai masu linzami. Kamfanin FlightScope, wanda asalinsa daga Afirka ta Kudu ne, shi ma daga irin wannan fasaha ya shigo golf. Kamfanin Foresight Sports na Amurka ya bi hanyar kyamara, ya fitar da GC2 a 2010, sannan GCQuad mai kyamara huɗu a 2017.

Kayan da ake gani da ido

Mafi sauƙi a cikin kayan su ne sandunan saiti, waɗanda ake shimfiɗawa a ƙasa, ɗaya a gaban ƙafafu ɗaya kusa da ƙwallo, don ɗan wasa ya ga ko ya fuskanci inda yake nufi. Akwai madubi mai layuka da ake ajiyewa a ƙasa lokacin koyon gangara ƙwallo zuwa rami, wanda ke nuna ko idanu na saman ƙwallo kuma kafaɗu sun daidaita. Akwai takarda mai gam da ake manna wa fuskar sanda, ko farar hoda da ake fesa mata, wadda ke barin tambari a daidai inda ƙwallo ta taɓa. Wannan tambari yana da amfani ƙwarai, domin a sandar dogon zango bugun da ya sauka a gefen fuska na waje yakan lanƙwasa ƙwallo hagu ga mai bugu da dama, wanda ya sauka kusa da ƙota kuma yakan lanƙwasa ta dama, ko da an kaɗa sandar daidai. Wayar hannu mai ɗaukar bidiyo a hankali ita ma ta shiga wannan rukuni. Ana kafa ta a bayan ɗan wasa ko a gabansa, kuma tilas a riƙa ajiye ta wuri ɗaya kullum, domin sauya matsayin kyamara yana sauya yadda bugun ke bayyana.

Kayan da ake ji a jiki

Wannan rukuni ba ya ba da lamba ko hoto. Yana sa ɗan wasa ya ji kuskurensa a lokacin da yake yin sa. Sandar Medicus tana da gaɓa a jikin ƙotarta wadda ke lanƙwashewa idan aka fizgi sandar da gaggawa ko aka kauce hanya. Orange Whip sanda ce mai laushin ƙota da nauyi a kai, wadda ke tilasta wa mai kaɗa ta ya jira nauyin kafin ya sauko. Jakar bugu, wadda malamin golf Gary Wiren ya ƙirƙiro, ana cusa mata tsummoki a doke ta da sanda don a ji matsayin hannuwa a lokacin haɗuwa da ƙwallo. Wasu suna matse tawul a hammata ko ƙwallon soso tsakanin hannuwa, idan ya faɗi an san hannuwa sun rabu da jiki. Akwai kuma masu amfani da sauti mai bugawa a kan ƙa'ida don daidaita saurin motsi. Littafin Tour Tempo na John Novosel, wanda ya fito a 2004, ya yaɗa bayanin cewa ƙwararru kan ɗauki lokacin ɗaga sanda baya kusan ninki uku na lokacin saukowa da ita.

Na'urorin da ake ɗaurawa ko takawa

Waɗannan ƙananan na'urori ne masu auna motsi da juyi, irin waɗanda ke cikin wayar hannu, kuma suna aika sakamako zuwa manhaja. Ta Blast Motion ana ɗaura ta a ƙarshen mariƙin sanda. Ta HackMotion, wadda ake yi a ƙasar Latbiya, ana ɗaura ta a wuyan hannu, tana auna yadda ya lanƙwashe, domin lanƙwasar wuyan hannu tana da tasiri kan inda fuskar sanda ke kallo. K-Vest tana auna juyawar ƙugu da ƙirji. Da yawansu suna yin ƙara ko girgiza idan ɗan wasa ya shiga matsayin da aka tsara masa ko ya fita daga ciki. Irin waɗannan aune-aune sun nuna cewa a saukowar ƙwararru ƙugu ne ke fara kaiwa ƙololuwar gudunsa, sai ƙirji, sai hannu, sannan sanda.

Akwai kuma faranti ko tabarma da ɗan wasa ke tsayawa a kai, irin na kamfanin Swing Catalyst na ƙasar Norwe, masu nuna yadda nauyi ke tafiya tsakanin ƙafar dama da ta hagu, da tsakanin yatsu da dunduniya, da ƙarfin da ake danna ƙasa da shi.

Na'urorin auna tashin ƙwallo

Su ne mafi tsada kuma mafi tasiri, kuma iri biyu ne.

Mai rada ana ajiye ta a bayan ɗan wasa. Tana aika igiyoyin rediyo, su doki sanda da ƙwallo su dawo. Idan abu yana nisantar na'urar, igiyoyin da suka dawo sukan sauya gwargwadon gudunsa. Wannan shi ne abin da masanin Ostiriya Christian Doppler ya bayyana a 1842, kuma shi ne dalilin da ya sa ƙarar jiniyar mota ke sauyawa idan ta wuce mutum. Da irin wannan hanya jami'an hanya ke auna gudun motoci. A fili, radar tana bin ƙwallo tun daga tashinta har faɗuwarta. TrackMan 4 yana da rada biyu, ɗaya tana lura da sanda da lokacin bugu, ɗaya tana bin ƙwallo. A cikin ɗaki, inda ƙwallo ke tafiya 'yan mitoci kawai ta doki raga, radar takan sha wahalar auna juyawarta, shi ya sa ake manna wa ƙwallon ɗigon ƙarfe ko a yi amfani da ƙwallo ta musamman.

Mai kyamara ana ajiye ta a gefen ƙwallo. Tana ɗaukar hotuna masu yawa cikin sauri a farkon tashin ƙwallon, ta kwatanta su ta gano gudu da kusurwa da juyi, sannan ta lissafa sauran tafiyar. Don auna sanda galibi akan manna wa fuskarta ƙananan ɗigo masu ƙyalli. Ba ta buƙatar fili mai faɗi, amma ba ta ganin abin da iska ta yi wa ƙwallo a sama.

Na'urar ƙwararru takan kai dala 20,000 ko fiye. Ƙanana sun fito daga baya don 'yan wasan sha'awa, misali Garmin Approach R10 da ta fito a 2021 a kan kusan dala 600. Don gangara ƙwallo zuwa rami kuma akwai SAM PuttLab ta ƙasar Jamus, wadda ke bin motsin sanda da sautin da kunnen mutum ba ya ji.

Manyan abubuwan da waɗannan na'urori ke aunawa su ne gudun kan sanda, gudun ƙwallo, kusurwar da ta tashi da ita, yawan juyinta a minti, hanyar da kan sanda ya bi (daga ciki zuwa waje ko daga waje zuwa ciki), inda fuska ta kalla, da ko sandar tana sauka ne ko tana hawa lokacin da ta sami ƙwallo. Idan aka raba gudun ƙwallo da gudun sanda ana samun lambar da ke nuna ingancin bugu. Misali, sanda mai gudun kilomita 160 a awa da ta fitar da ƙwallo a kan kilomita 237 ta ba da 1.48. A sandar dogon zango lambar ba ta cika wuce 1.50 ba, saboda dokoki sun ƙayyade yadda fuskar sanda za ta iya cilla ƙwallo. Alƙaluman TrackMan sun nuna cewa matsakaicin gudun wannan sanda a gasar maza ta PGA Tour yana tsakanin mil 113 da 115 a awa, wato kilomita 182 zuwa 185, a gasar mata ta LPGA kuma kusan mil 94 ko ɗan sama da haka.

Yadda suka sauya koyarwa

Shekaru da dama ana koyar da cewa ƙwallo tana tashi ne ta hanyar da sanda ta bi, fuskar sanda kuma ita ke nuna inda za ta ƙare. Masanin kimiyya Theodore Jorgensen ya yi bayanin da ya saɓa wa haka a littafinsa The Physics of Golf a shekarun 1990, amma sai da rada ta yawaita kafin masu horarwa suka gani a lambobi. Aune-aunen sun nuna cewa fuskar sanda ce ke da kaso mafi girma wajen tantance inda ƙwallo za ta fara nufa, kimanin kashi 75 cikin ɗari a sandunan ƙarfe da kashi 85 a sandar dogon zango. Lanƙwasar da take yi a iska kuma tana fitowa ne daga bambancin da ke tsakanin fuska da hanyar sanda.

Wannan ya sauya yadda ake gyara kuskuren da ya fi damun masu koyo, wato ƙwallo ta karkace dama ga mai bugu da dama. Idan sanda ta bi digiri 5 hagu, fuskarta kuma tana kallon digiri 1 hagu, ƙwallon za ta tashi ɗan hagu sannan ta lanƙwasa dama. Mai koyo da ya ga haka yakan ƙara kaɗawa hagu don ya rama, sai bambancin ya ƙaru, lanƙwasar ta yi muni. Na'ura tana nuna masa cewa rage tazarar lambobin biyu ne magani.

Aune-aunen sun kuma nuna cewa a sandar dogon zango ana samun ƙarin nisa idan aka sami ƙwallo sanda tana ɗan hawa, ta tashi sama da ƙarancin juyi. Kamfanoni da shaguna suna amfani da na'urorin wajen zaɓa wa mutum sandar da ta dace da shi. Dustin Johnson, wanda ya ci gasar US Open a 2016, ya yi amfani da TrackMan wajen sanin ainihin nisan gajerun bugunsa: yakan buga, ya faɗi nisan da yake zato, sannan ya duba abin da na'urar ta ce.

Abin da binciken koyo ya nuna

Masu nazarin yadda mutum ke koyon motsi sun raba bayanin da ake ba mai koyo gida biyu: bayani kan sakamako, kamar inda ƙwallo ta faɗi, da bayani kan motsin kansa, kamar yadda ƙugu ya juya. A 1984 Alan Salmoni da Richard Schmidt da Charles Walter suka gabatar da ra'ayin cewa bayani bayan kowane gwaji yana kyautata aiki a lokacin atisaye, amma yana iya sa mai koyo ya dogara da shi har ya kasa idan an ɗauke. Saboda haka masu horarwa da yawa sukan rage yawan duba na'ura a hankali, ko su sa ɗalibi ya faɗi abin da ya ji kafin a nuna masa lamba.

Gabriele Wulf da abokan aikinta sun yi gwaji da masu koyon golf a 1999, inda waɗanda aka ce su mai da hankali kan motsin sanda suka fi waɗanda aka ce su lura da hannuwansu iya bugu. Wannan na daga cikin dalilan da ake gargaɗin masu koyo kada su cika kansu da tunanin gaɓoɓin jiki da lambobi barkatai a lokaci ɗaya.

Dokoki

Hukumomi biyu ne ke tsara dokokin golf: R&A da ke St Andrews a Sikotilan da USGA a Amurka. A tsarin da ya fara aiki a 2019, doka ta 4.3 ta hana amfani da kayan horarwa a lokacin zagayen wasa ta hanyar da za ta taimaka wajen shirya bugu ko yin sa. An yarda a ɗora sandar saiti a kafaɗa don miƙa jiki, amma ba a yarda a shimfiɗa ta don saita bugu ba. An yarda na'ura ta tattara bayanai a duba bayan an gama wasa. Wanda ya karya dokar a karon farko ana ƙara masa bugu biyu, ko ya rasa ramin idan wasan mutum da mutum ne. A karo na biyu ana fitar da shi daga gasar.

Kafin 2016 laifin farko ma kora ce. A 2010 an fitar da Juli Inkster daga gasar Safeway Classic saboda ta sa wa sandarta zoben nauyi ta kaɗa ta yayin da take jiran layi. A 2014 an fitar da D. A. Points daga gasar Pebble Beach saboda ya matse ƙwallon soso a hammata yana gwada bugu.

Iyakarsu

Na'ura tana faɗin abin da ya faru, amma ba ta faɗin dalili ko hanyar gyara, don haka fassarar lambobin tana buƙatar wanda ya san aikin. Ƙananan na'urori masu araha ba sa auna komai kai tsaye, wasu lambobin ƙiyasi suke yi. Ƙwallayen filin atisaye ba sa tafiya kamar na gasa, tabarmar roba kuma tana ɓoye kuskuren wanda ya doki ƙasa kafin ƙwallo. A filin wasa akwai tudu da gangare da doguwar ciyawa da iska, ga fargabar gasa, abubuwan da babu su a wurin atisaye. Haka kuma manyan 'yan wasa irin su Jim Furyk sun yi nasara da salon kaɗa sanda da ya saɓa wa abin da aka saba koyarwa, abin da ke nuna cewa kayan da ke tilasta wa kowa siffa ɗaya ba lalle su dace da kowa ba.

Amfani a wajen atisaye

Fasahar auna tashin ƙwallo ita ce tushen golf na cikin ɗaki, inda ake bugun ƙwallo zuwa babban allo, kwamfuta ta nuna tafiyarta a hoton fili. Wannan wasa ya yaɗu sosai a Koriya ta Kudu, inda aka kafa kamfanin Golfzon a 2000. A talabijin, layin da ke bin ƙwallo a iska ya samo asali ne daga Protracer na ƙasar Suwidin, wanda Topgolf ya saya a 2016 aka sauya masa suna zuwa Toptracer. A Janairun 2025 aka fara gasar TGL a jihar Florida ta Amurka, wadda Tiger Woods da Rory McIlroy ke cikin waɗanda suka kafa ta, inda ƙwararru ke yin dogayen bugu zuwa allo, su kammala gajerun a kan ciyawar roba cikin zauren.